Wasiƙar Ƙorafi Ga Kamfanin Da Na Ba Aikin Gyaran Gidana

Zuwa ga Manajan Darakta,

Bayan gaisuwa, abin da ya sa na fito da wannan magana bainar jama'a shi ne amsar da jami'inku ya ba ni ranar Talata da ƙarfe 4:20 na yamma, bayan na kira lambar ofishinku sau 11 cikin kwana uku ba a ɗaga ba. Da na shaida masa cewa bangon bene ya tsage, sai ya ce mini: "Malam, tsohon gida fa ka saya, me kake jiran gani?" Ina cikin magana ya kashe waya.

Na san tsohon gida na saya, kuma tsufan nasa ne ya kai ni wurinku, domin kun ce wannan ne aikinku. Gida ne mai hawa biyu, bangonsa haɗe da na maƙwabta dama da hagu. Mun sa hannu a kan za ku gama aikin cikin mako 16, na ba ku kashi 60 cikin 100 na kuɗin kafin a ɗaga guduma, daga baya kuka karɓi ƙarin kashi 25 da sunan tsadar kaya. Yau muna cikin wata na tara, iyalina na zaune a gidan haya, rabin kayanmu a ɗaure cikin kwalaye.

Na nemi a haɗe falo da kicin su zama fili ɗaya. Injiniyanku ya zo sau ɗaya, ya ƙwanƙwasa bangon da ke tsakani, ya ce ba ya ɗauke da komai, alhali a kansa nauyin bene yake. Da aka fasa aka ga haka, sai aka yi gaggawar zuba linta, aka kuma cire tokara a kwana na biyar, alhali ko ƙaramin birkila ya san kankare na neman kwana 28 kafin ya kai ƙarfin da ake lissafi da shi. Yanzu tsagar ta taso daga kusurwar taga har silin, ina zura mukulli ya shige, ƙofar ɗakin yara kuma ta daina rufuwa. Maƙwabciyata, dattijuwa ce mai zama ita kaɗai, ta kira ni ta nuna mini irin wannan tsaga a nata ɓangaren. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Ga kuma danshi. Injiniyan da na ɗauko da kuɗina ya bayyana mini cewa an ɗaure tubalin gidan da farar ƙasa ne, wadda ke barin ruwa ya fita, ku kuma kuka shafe shi da filastar siminti kuka bi da fenti, ruwan ya rasa hanya. Fentin ya kumbura, farin gishiri yana zuba a gindin bango. Wayoyin lantarki kuwa suna nan a rataye tun watannin baya, ma'aikatanku sun kwashe kayansu ba sallama.

Ina neman ku turo ƙwararren injiniya cikin kwana 14, ku tokare benen, ku gyara bangon maƙwabciyata, ku kankare filastar, ku mayar mini da kashi 25 ɗin nan tare da kuɗin hayar da jinkirinku ya jawo mini. Idan ba haka ba, lauyana zai ɗora daga nan.

Na daina ɗaukar wannan a matsayin kuskure. Kamfanin da yake rufe ɓarna da fenti kafin mai gida ya zo dubawa ya san abin da yake yi, kuma ina ganin kuna zaɓar tsofaffin gidaje ne domin duk abin da ya lalace ku ɗora wa tsufa laifi. Yara huɗu ne za su kwana a saman wannan lintar, kun kuma san da haka tun ranar da muka sa hannu.

Ina jiran amsarku a rubuce.

Mai gidan da abin ya shafa