Ruwa ya janye daga Gwange, kada ku ma ku janye

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ni tela ne a unguwar Gwange, Maiduguri. A daren da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, wayewar garin 10 ga Satumba 2024, da yara a wuya muka fita, ruwa har ƙirji. Da na samu komawa shago, laka ta cika keken ɗinkina, atamfofin mutane da ke jiran biki duk sun ruɓe. Har yau ina biyan wasu kaɗan-kaɗan.

Makonnin farko ba mu rasa baƙi ba. 'Yan jarida sun zo, ƙungiyoyin agaji sun zo, an sake buɗe sansanin 'yan gudun hijira na Bakassi, an raba dafaffen abinci da tabarmi da barguna. Allah ya saka wa kowa da alheri, ban raina ba. Amma buhun shinkafa a gidan mai 'ya'ya shida kwana nawa zai yi? Wasu masu ɗaukar sunaye sun zo mini har sau uku, sun ɗauki hotona kusa da mataccen keken, daga nan shiru kake ji. Da keke ɗaya suka ba ni, da tuni na daina shiga layi. Haka manoman Jere da gonakinsu suka nutse, iri da taki na noman rani suka fi buƙata.

Abin da ke hana ni barci shi ne damina mai zuwa. Iyayenmu sun ga irin wannan a 1994, aka ce sai an jima ba a sake gani ba. To yanzu ruwan sama ya canza hali: a daminar 2024 dai Chadi ta sha ambaliya, tsohon masallacin Zinder ma ya rushe. An ce Gwamnatin Tarayya ta amince da naira biliyan 80 don gyaran Alau. Mun ji a rediyo, ido ne bai gani ba.

Roƙona, ku tura wakilinku Alau kafin ruwan farko ya sauka, ya gani da idonsa, ya faɗa mana inda aiki ya tsaya, da Hausa da Barbarci, yadda tsohuwa a Fori za ta gane. Ku kuma tambaya mana: idan ruwa ya sake tasowa cikin dare, wa zai tashe mu, kuma ina za mu nufa?

Naku mai sauraro,
daga Gwange, Maiduguri.