Wa ke ƙirga gumin 'yan ci-rani?

Assalamu alaikum Edita, ranka ya daɗe a ɗan sam min fili in yi magana kan wata gardama da muka kwana biyu muna yi a majalisarmu nan Daura, wai baƙi 'yan Nijar suna rage mana arziki tunda in aka raba abin da ƙasa ta samu da yawan mutane kason kowa sai ya ragu.

To ni dai lissafin nan bai shige ni ba wallahi. Eh haka masana ke yi, su tara duk abin da aka samar a shekara su raba da yawan kawuna, amma wane kan aka ƙirga? Rabonmu da ƙidaya tun 2006 fa, lokacin aka ce mu miliyan 140 ne, daga nan duk kintace ake. Kuma wanda ya shigo ta bodar Kongolam da 'yar jakarsa bayan an gama girbi ya koma gida da faɗuwar ruwa, shi a wane littafi yake?

Akwai wani ɗan ga-ruwa da ke kawo mana ruwa, mutumin wajen Matamaye ne can Nijar, kafin a sallame asuba ya riga ya turo kurarsa cike da jarkoki, kuma saboda shi ne mai ɗakina take samun sararin suyar ƙosan safe ta sayar, yara kuma su tafi makaranta kan lokaci ba su tsaya layin burtsatse ba. Kuɗin ƙosan nan da guminsa a ciki, ba rasit ba komai, to ta ina zai fito a takardun Hukumar Ƙididdiga? Baƙon da ya zo da ƙwaryar hatsinsa ai ba rage maka malmala ya yi ba.

Ban ce ba nauyi ba, suna zuwa asibitinmu, kuma akasarin abin da suka tara gida suke kaiwa, wannan ma a sa shi a sikeli. Amma da aka rufe boda a 2019 har zuwa ƙarshen 2020, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na 2023, kowa ya ga yadda kasuwar Mai'aduwa ta yi sanyi, dillalan dabbobi da direbobi da masu abinci duk 'yan nan ne suka ji a jikinsu.

Don Allah masu binciken jami'ar Umaru Musa Yar'adua su fito da biro da takarda ranar Lahadi su zo Mai'aduwa su tambayi mutum nawa ke ci a ƙarƙashin baƙo ɗaya.

Naku,
Mai karatu daga Daura