Rahoton shekara na ikilisiyarmu ta Lutheran, daga hannun sakatare

Salamar Ubangiji ta kasance da ku iyayenmu maza da mata, da ku 'yan'uwa da ke Yola da Jalingo da Abuja kuna bin labarin gida ta waya. Ku gafarce ni bana rahoton ya makara, girbin shinkafa ne ya riƙe ni a fadama. Batun kuɗi kuma ba zan taɓa shi a nan ba, ma'aji zai karanta komai dalla dalla ran Lahadi bayan sujada, mai tambaya ya tanadi tambayarsa.

Rufin majami'a dai an canza kwano ta gefen da 'yan Zumuntar Mata ke zama, inda a da in an yi ruwa sai an kafa bokiti ana wa'azi yana ta ɗiga. Ɗaya gefen yana nan yana jiran waɗanda suka yi alkawari a bikin godiyar kaka har yau shiru, ba zan kira suna ba, sun san kansu.

Amma aikin da ya fi cin mana lokaci bana shi ne tsohon littafin rajista. Kun tuna ambaliyar 2022 da aka saki ruwan dam ɗin Lagdo daga Kamaru Binuwai ya cika ya shigo gari, muka kwashe benci da ganguna muka manta da akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin tebur, to bana ne muka yi ƙarfin hali muka buɗe shi. Takardun sun manne kamar kitso, tawada ta bazu, gara kuma ta ci gefe guda. Ni da malaman Sande Sukul muka zauna da reza muna raba shafi ɗaya bayan ɗaya muna shanyawa a kan tabarma a inuwa, don in ka sa a rana sai ya karye a hannunka. A ciki akwai sunayen waɗanda aka fara yi wa baftisma a garin nan, da rubutun hannun mai bisharanmu na farko, wani wurin sunan ya fito amma shekara ta goge, wani wurin shekarar ce kaɗai ta rage. Abin da ke karantuwa mun kwafe shi a sabon littafi mun kuma ɗauki hotonsa.

Abin da ya tunzura mu kuwa, a ajin tabbatarwa, inda ake koya wa yara tushen bangaskiya, na tambaye su wane ne Martin Luta, suka amsa tar, Jamus, 1517, har da Ƙaramin Katekizim suna zubowa da ka. Na ce wa ya kawo bishara Numan, wasu suka ce Dakta Bronnum, likitan nan daga Denmak, 1913. Madalla. Na ce to wa ya kawo ta ƙauyen nan, sai aka yi tsit. Kuma ba laifinsu ba ne, mu ne ba mu faɗa masu ba. Mun je an yi bikin cikar LCCN, wato cocinmu na Lutheran a Nijeriya, shekara 100 a 2013, mun san Akila Todi ne bishop ɗinmu na farko a 1973, amma na cikin gidanmu ba mu rubuta ba.

Saboda haka muka riƙa zuwa wurin tsofaffi da yamma da waya muna ɗaukar muryarsu. Wata kakarmu da ido ya riga ya tafi amma tunani garau, ta ce ba Bature ne ya zo nan ba, ɗan ƙasa ne da ya koyi karatu a Numan ya dawo da allo da Littafin Waƙoƙi, a gindin tsamiyar bakin rijiya ake taruwa, da safe ya koya wa yara karatu da Hausa, da dare a yi addu'a da yare a hasken aci-bal-bal. Ƙararrawarsu tsohon ƙarfen mota ne da aka rataye a reshe. Majami'ar farko ta jinka ce, mata suka ɗebo ruwan kwaɓa ƙasa a ka daga kogi. Tana cikin labarin sai ta ɗauko wata waƙa da yare wadda ko shugaban kwaya bai taɓa ji ba, yanzu sun koya, an rera ta a Kirsimeti tsofaffi na ta share hawaye.

Zumuntar Mata kam ba sai na yabe su ba, gonar gyaɗarsu ita ta biya kuɗin motar zuwa babban taron LCCN na shekara-shekara a Demsa, su ne gaishe da marasa lafiya, su ne girki in an yi rasuwa. Matasa ne dai suka yi ƙaranci, da an gama sakandare sai birni, bana sau da yawa mai kiɗan kibod ɗaya gare mu in ya yi tafiya sai a koma ganga da shantu, wanda ni dai bai dame ni ba, ga tsadar fetur ɗin janareto. Dattawa sun amince a nemi sola baɗi in Allah ya kai mu.

Baba Fasto yana zagaya majami'u da yawa a gunduma, da damina hanya ta yanke babur ba ya wucewa, shi ya sa Jibin Ubangiji ya yi jinkiri, muna gode wa mai bishara da ya riƙe sujada duk tsawon lokacin. Maƙwabtanmu Musulmi ma sun fito ranar ɗora kwano, Allah ya saka.

Roƙona gare ku na birni, duk mai tsohon katin baftisma nasa ko na iyayensa ya ɗauki hoto gaba da baya ya turo a gurup ɗinmu na WhatsApp kafin Ista, da shi za mu cike gurbin da ruwa ya cinye. A tabbata kwanan wata da sa hannun fasto sun fito sosai.