Makin da za a ƙirga a bakin gadon yaro

Ranka ya daɗe Edita,

Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen yara na wani babban asibiti a jihar Kebbi, kuma ina roƙon a ba ni fili in yi magana kan sefsis, wato halin da jiki ke shiga idan ƙwayar cuta ta kama shi har huhu, zuciya, ƙoda ko ƙwaƙwalwa suka fara gazawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2017 wannan hali ya kashe mutum miliyan 11, kusan miliyan 3 daga cikinsu yara 'yan ƙasa da shekara biyar. A damina, sa'adda zazzaɓin cizon sauro da gudawa da tamowa suka haɗu, sai a kwantar da yara biyu ko uku a gado ɗaya, kuma tambayar da ke gaban nas a kowane dare ita ce wanne daga cikinsu ne zai iya wucewa kafin asuba.

Don amsa wannan tambaya ne likitoci suka ƙirƙiro hanyoyin ba da maki. Wanda ya fi tashe yanzu shi ne ma'aunin Phoenix, wanda aka wallafa a mujallar likitoci ta JAMA a farkon 2024 bayan an bi bayanan zuwan yara asibiti fiye da miliyan 3 a Amurka, Bangaladash, Sin, Kolombiya da Kenya. Yana duba numfashi, zuciya da ƙarfin bugun jini, daskarewar jini, da kuma hankalin yaro, kuma wanda ake zargin yana da ƙwayar cuta idan ya sami maki 2 ana ɗaukarsa mai sefsis. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, cikin yaran da suka kai wannan maki, kashi 7.1 cikin ɗari ne suka rasu a asibitoci masu wadatar kayan aiki, amma a marasa wadata sun kai kashi 28.5.

Aikin na da kyau, sai dai kafin a cike wannan ma'auni ana son gwajin laktet, wato sinadarin da ke ƙaruwa a jini idan sassan jiki ba su samun isasshen oksijin, da gwaje-gwajen daskarewar jini, waɗanda da yawan asibitocinmu ba su yi, inda ake yi kuma uba zai fita neman kuɗi ne, sakamako ya dawo bayan an sha Magariba. Su ma masu ma'aunin sun bayyana cewa ba don tantance yaro a ƙofar asibiti suka tsara shi ba.

Akwai waɗanda suka fi dacewa da mu. Ma'aunin da aka gwada a Libaful ta Ingila abu huɗu kawai yake nema: bugun zuciya, yawan numfashi, ko yaro na cikin hayyacinsa, da daƙiƙa nawa jini ke ɗauka ya dawo idan an danna fata an saki. Na Lambarene ta ƙasar Gabon kuwa, wanda aka samo daga yaran Afirka masu zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, uku ne: doguwar suma, kasa zama ko kasa kama nono, da numfashi mai zurfi. Agogo da yatsa da ido sun isa. Ni kaina na ga bambancin da ke tsakanin in ce wa likita ta waya "yaron nan bai yi mini ba" da in ce masa numfashinsa ya tashi daga 40 zuwa 60 cikin awa biyu kuma ya daina amsa kiran mahaifiyarsa. A na biyun ba ya tambaya ta ko zai iya jira sai safe.

Ba na cewa a kwaso kowane ma'auni a liƙa a bango. Binciken FEAST na 2011 a Yuganda, Kenya da Tanzaniya ya nuna cewa yi wa yara masu zazzaɓi mai tsanani ƙarin ruwa ta jijiya da sauri, abin da aka ɗauka ceto ne, ya ƙara yawan mace-mace. Yaron Argungu ko Yawuri mai tamowa da ƙarancin jini ba yaron Libaful ba ne, saboda haka ina kira ga likitocin yara na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Birnin Kebbi su gwada waɗannan ma'aunai a kan yaranmu, su faɗa mana wanda ya fi gano mai haɗari. Ma'aikatar Lafiya ta jiha kuma ta buga wanda aka zaɓa a jikin katin kowane yaro, ta ba kowane ɗaki na'urar auna iskar oksijin da ake maƙalawa a yatsa, sannan ta rubuta ƙarara makin da idan yaro ya kai shi dole a kira likita ko a sa shi a mota zuwa babban asibiti a daren.

Wassalam.

Wata ma'aikaciyar jinya,
Jihar Kebbi