Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Mai Girma Kwamishinan Ilimi Na Jihar Kano

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, ni malamin firamare ne a cikin birni, na shekara da shekaru ina shaƙar ƙurar alli. Tun da gwamnati ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024 mun ga an gyara ajujuwa, mun ga kujeru, kuma ba mu raina ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne zancen shigo da fasahar zamani cikin aji, wanda ya cika bakin kowa a taron malamai. Ina goyon baya. Tsorona kada a sayo kaya a jibge, a manta da wanda zai tsaya gaban yaran.

Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya, yara 35 a firamare. Ajina na huɗu ya haura ɗari. A ciki akwai yarinyar da za ta karanta maka jarida, akwai kuma yaron da har yau bai raba "b" da "d" ba, balle "ɓ" da "ɗ". Na daɗe ina yin abin da aka yi mana: in cika allo da rubutu, in faɗa su amsa, in ce "Kun gane?" su haɗa baki su ce "Eee!" har bango ya amsa. Wannan "Eee" ɗin ita ce babbar ƙaryar da muke yi wa juna kullum.

Abin da ya farkar da ni, yaran nan su ne dai suke zuwa makarantar allo da yamma, kuma can suna ci gaba. Don me? Kowa da allonsa, kowa da inda ya tsaya. Mai babbaƙu ba a haɗa shi da mai farfaru. Babba yana biya wa ƙarami, kuma ba a wanke allo sai an iya. Wannan dabara ce ƙungiyar Pratham ta Indiya ta yi suna da ita, wato koyar da yaro daga matakin da yake, har aka gwada ta a Wudil da Dawakin Tofa ƙarƙashin KaLMA, shirin inganta karatu da lissafi a firamaren Kano. Mu a unguwanninmu tun kaka da kakanni muke da ita, boko ne ya manta.

Sai na gwada. Na kira kowane yaro na minti biyu: ga harafi, ga gaɓa, ga kalma, ga ɗan gajeren labari. Inda ya maƙale nan ne rukuninsa. Awa ɗaya kullum muna zama rukuni-rukuni a ƙasa, masu ƙoƙari suna jan na baya. Lissafi kuwa da murafen lemo da tsinken tsintsiya muke yi, ɗaurin goma-goma. Yaron da ya kwance ɗauri da hannunsa don ya cire bakwai daga ashirin da uku ba ya sake tambayar me ake nufi da "aro". Na daina tambayar "Kun gane?" Kowa ya rubuta amsa a ɗan kwalinsa ya ɗaga sama, kallo ɗaya ya ishe ni in san waɗanda aka bari a baya. Sisi ban kashe ba, sai dai jarrabawar zango ba ta san da wannan aikin ba, mai duba makaranta ma idan ya zo littafin tsara darasi yake nema, ya ga ko na kai shafin da manhaja ta ce.

Ranka ya daɗe, a nan nake roƙo na farko. A ware wannan awa a jadawali da izinin hukuma, kada ta zama kamar sata muke yi. Mai duba makaranta kuma ya zaɓi yara biyar daga bayan aji ya ce su karanta masa. Littafin tsara darasi ya daina zama shaida, tunda yanzu wasunmu manhajar waya ke rubuta musu, su kwafe ko karantawa ba su yi ba.

Sai batun na'ura. Na taɓa koyarwa a wata makaranta mai ɗakin kwamfuta. Kullum a garƙame, ba wuta, ba kuɗin man janareta, makulli yana aljihun mutum ɗaya da yake tsoron kada wani abu ya lalace a ce shi ne. Ranar da aka buɗe saboda baƙi, da yatsa wani yaro ya rubuta sunansa a ƙurar hunturun da ta rufe gilashin. Alhali tun 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗaya a kwamfuta ake yi, yaranmu da yawa sai ana gobe jarrabawa suke fara taɓa madannai. Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk inda za a kai kwamfuta a haɗa da sola, a kuma rubuta ranar kowane aji.

Amma na'urar da ta riga ta shiga kowane aji ita ce wayar malami. Da ita da 'yar ƙaramar sifika mai caji nake sa wa yara sautin haruffa da tatsuniya, na ƙarshen aji ma yana ji, muryata ta huta. Akwai dandalin karatu na intanet mai suna Nigeria Learning Passport da gwamnatin tarayya da UNICEF suka ƙaddamar a 2022, da darussa kyauta, sai dai data ba kyauta ba ce, albashin malami kuwa kun san shi. Darussan da aka riƙa sakawa a rediyo lokacin korona a 2020 ma dukiya ce. A tattaro su, a ƙara da bidiyon ƙwararrun malamanmu suna koyarwa da Hausa a cikin aji na gaske mai cunkoso, a zuba a memori a raba wa kowace makaranta. Sauran aikin Xender, manhajar tura kaya daga waya zuwa waya, zai yi, cikin mako guda ya zagaye gari.

Bita kuwa, na halarci da yawa. Kwana uku a zaure mai sanyi, majigi, shinkafa, alawus, a watse. Mai jawabin sau da yawa bai taɓa tsayawa gaban yara ɗari ba. Da za a bar malaman makarantu huɗu ko biyar na unguwa ɗaya su riƙa haɗuwa duk bayan mako biyu, ɗaya ya koyar saura su kalla su gyara masa, da ya fi. Ɗaliban makarantar horar da malamai ta Sa'adatu Rimi masu zuwa gwajin koyarwa su ma a sa su a ciki, kafin su koyi "Kun gane?" a wurinmu.

Allah ya taya riƙo, ya sa a gama lafiya.

Naka,
Wani malamin aji huɗu, birnin Kano.