Tsoron mofin ya kusa cutar da yayana

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in faɗi abin da na gani da idona lokacin da na yi jinyar yayana, wanda aka yi wa gashin cutar daji (wato ƙona ta da hasken na'ura) a maƙogwaro: mako 7, kwana 5 a kowane mako.

Makon farko lafiya lau. Da aka shiga na uku sai baki da maƙoshi suka yi gyambo, har yawu ya gagare shi haɗiya. Yana zaune da tawul a hannu yana tofarwa, ruwa ma sai ya runtse ido kafin ya kurɓa. Farasitamol ya daina yi masa komai. Likita ya rubuta mofin na ruwa, wani maganin kashe zafin ciwo mai ƙarfi, mu kuwa muka tsorata, wai kar ya zama ɗan ƙwaya. Kwana biyu ina ɓoye kwalbar, Allah ya yafe mini.

Likitan ne ya zaunar da ni. Ya ce in ciwo ya hana shi ci zai rame, har a dakatar da gashin, dakatarwar kuwa tana ba cutar damar farfaɗowa. Muka riƙa ba shi maganin kamar rabin awa kafin abinci, haɗe da maganin sauƙaƙa bayan gida, domin mofin na ɗaure ciki. Ya fara haɗiya.

Ciwon ya ƙara makonni bayan an gama gashi. Likita ya riƙa rage maganin sannu a hankali har ya daina.

Roƙona ga likitoci, ku yi wa dangi wannan bayani tun ranar farko, kafin gyambon ya fito.

Naku,
Mai karanta jaridarku kullum