Wa zai bi wa 'yan mazan jiya haƙƙinsu?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili a jaridarka in yi magana kan aikin da ya zame mini sana'a, wato taimaka wa tsoffin sojoji da iyalansu wajen neman haƙƙinsu.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yana cikin dakarun ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, da aka tura Laberiya a 1990. Ya dawo da rauni a gwiwa, kunnensa ɗaya kuma ba ya ji. Da ya yi ritaya, ni nake riƙe masa jakar takardu duk ranar tantancewa. A wannan layin na ga abin da ya hana ni barci. Ga dattijan da suka yi yaƙin basasa tsakanin 1967 da 1970, wasu a keken guragu, wasu jikoki ne ke riƙe da hannunsu. Wani Baba ya nuna mini takardar sallamarsa da ta banki. Harafi ɗaya ne ya bambanta a sunansa, amma watanni ke nan fanshonsa bai shigo ba, kuma ba shi da mai rubuta masa takardar koke. A tsaye na rubuta masa. Daga ranar ban daina ba.

Aikin yana son sani da haƙuri. Sai ka san abin da ke hannun hukumar fanshon soja da ke Abuja, ka san yadda inshorar lafiyar sojoji ta kamfanin DHML take aiki da asibitin da tsohon soja zai je, ka san takardun da matar mamaci za ta haɗa kafin a biya magada. Akwai kuma ciwon da ido ba ya gani. Mahaifina ya yi shekaru yana firgita cikin dare, mu kuwa muna ta neman maganin iska, don ba mu san likitan ƙwaƙwalwa ya kamata ya gani ba. Matasan sojojin da ke dawowa daga fagen daga a Borno da Yobe yau, da yawansu da irin wannan ciwon suke dawowa.

A Amurka akwai mutanen da ake horarwa a ba su izinin wakiltar tsoffin sojoji wajen neman haƙƙinsu. Mu ma muna da matasan da suka karanta shari'a da aikin jinya suna zaune a gida. Roƙona ga ƙungiyar 'yan mazan jiya ta Najeriya, wadda aka kafa a 1964, shi ne ta ɗauki irin waɗannan matasa a rassanta na jihohi, ta horar da su, ta yanka musu albashi. Kowace shekara ana tara gudummawa gabanin bikin tunawa da 'yan mazan jiya na 15 ga Janairu. A ware wani kaso daga ciki domin wannan aiki.

Ni dai ina nan da teburina da biro a zauren gidanmu. Ko jiya wata baiwar Allah ta zo da goyo, takardun mijinta na ƙunshe cikin leda.

Naka,
Ɗan tsohon soja, daga Kaduna